Yadda Ake Kai Mesa Aji: Jagora ga Mai Nuna wa Yara Dabbobin Daji a Salaga da Yendi da Bawku

Duk wanda ya tashi a zango ya san gardi. Ranar kasuwa zai sauke akwatinsa a gindin bishiya, yaronsa ya kama kiɗa, jama'a su kewaye shi, ya zaro kumurci ya rataya a wuya. In wasa ya yi wasa sai ya kwance jakar layu da ƙullin garin magani. Hajar da yake tallatawa ke nan: wai yana da asirin da dafi ba ya cin sa, kuma kai ma za ka iya saya. Abin da ba ya faɗa shi ne, da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna cire wa macijin haƙoran dafi ko su ɗinke masa baki, kuma haƙoran nan sukan sake tsirowa.

A Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu akwai wata sana'ar daban. Mutum ya ɗauko maciji marar dafi da kunkuru da ƙadangare, ya kai makaranta ko bikin yara, ya yi bayani, yara su taɓa, a biya shi. Malamin kimiyya ko matashin da ke sha'awar yin irin wannan a arewacin Ghana bai kamata ya kwaikwayi gardi ba, wannan kowa ya gane. Amma kwaikwayon Bature ma yana da nasa hatsarin. Yaron Ingila in ya taɓa mesa a aji, ya koma ƙasar da macijinta mai dafi iri ɗaya ne tak, wanda rabon da ya kashe mutum tun 1975. Yaron Salaga kuwa gobe da asuba yana cikin kunyar doya. 'Yar Yendi tana bin mahaifiyarta tsintar kaɗanya cikin ciyawa tun gari bai waye ba. Yaron Bawku da rani yana zura hannu ramin gafiya. Dukansu a ƙasar kububuwa suke. In yaro ya bar ajinka da tunanin cewa maciji abin ɗauka ne, gara a ce ba ka je ba. A kan wannan za a auna duk sauran shirin.

Izini kafin akwati

Dabbar daji a Ghana ba ta wanda ya kama ba ce. Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji shi ke ba da lasisin kamawa da na ajiyewa. Ƙa'idojin 1971 sun hana farauta da kamu daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke haihuwa, kuma sun sa kada da guza cikin waɗanda ba a taɓawa sam. A 2023 Majalisa ta zartar da sabuwar dokar kula da albarkatun namun daji. Kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ka je ofishin hukumar a Tamale ko Bolgatanga, ko hedikwatar gandun dajin Mole kusa da Larabanga, ka faɗi abin da kake son yi, ka fito da takarda a hannu. Ita za ka nuna a shingen 'yan sanda, kuma hanyar Bawku ba ta rasa shinge.

Daga nan sai makaranta. Amincewar hedimasta kaɗai ba ta isa ba. A sanar da ofishin ilimi na gunduma, in makarantar Islamiyya ce ta gwamnati a bi ta Sashen Ilimin Addinin Musulunci, a kuma aika wa iyaye saƙo mako guda kafin ranar, da sunayen dabbobin da za a kawo. Uwar da ta fara jin labari daga bakin ɗanta cewa yau an ba shi maciji ya taɓa, ita za ta rufe maka ƙofar makarantun garin gaba ɗaya.

Akwai kuma izinin da ba a rubuta shi a takarda. Aji ɗaya a Bawku zai iya haɗa Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Hausawa. A Yendi gidan Dagomba ka shiga, a Salaga na Gonja. A wannan yanki akwai dangogin da mesa ko kada ko damo abin girmamawa ne na gado, ba sa kashewa, ba sa ci, wasu ma ba sa son ganin an tsare shi a akwati. Wanda ya je Paga ya ga yadda mutanen garin ke zaune da kadojinsu ya san ba maganar wasa ba ce. Ka tambayi malaman ajin, ka gaida Sarkin Zango da liman, in ƙauye ne ka nemi tindana, mai kula da al'adun ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wace dabba za ka ɗauka

Ginshiƙin nunin ita ce ƙaramar mesa, wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, tana da sanyin hali, ɓeraye take ci. 'Yar ƙasa ce, a ramukan ɓera da suri take kwana. Ghana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da ita zuwa Turai da Amurka, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje. Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai lasisi. Wadda aka tono daga rami takan zo da kaska da tsutsar ciki, takan ƙi cin abinci wata da watanni. Ka kuma sani tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30, amana ce mai tsawo. In hali ya yi ka samu biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutu.

Kunkuru shi ne mai buɗe taro, don ba yaron da ke tsoron sa. A bar shi a ƙasa ko cikin faffaɗan daro. Ba a ɗaga shi sama, ba a kifa shi, ba a ƙwanƙwasa ƙoƙon bayansa, domin ƙoƙon nan ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da gadon bayansa a ciki suke, yana jin duk abin da aka yi masa. In ya firgita yakan saki ruwan da ya tara a mara, da rani kuwa wannan asara ce babba gare shi.

Hawainiya ta kallo ce kawai. A kawo ta kan reshe, yara su ga idanun da kowanne ke juyawa shi kaɗai, da yatsun da suka haɗe kamar awartaki. Riƙo yana wahalar da ita ƙwarai, ba ta kuma jure zaman keji. Damo ana yi masa kirari da sarkin haƙuri, amma wanda ya sha bulalar wutsiyarsa ko kartar farcensa ya san haƙurin yana da iyaka. In za ka kawo shi, a hannunka zai tsaya. Bushiya da dare take yawo, tashinta da rana takura ce, minti biyar ya isa.

Waɗanda ba sa shiga aji ko da a cikin kwalba mai murfi: kububuwa, kasa, kumurci, da duk wani mai dafi. Haka babbar mesa, da kada komai ƙanƙantarsa, da biri. Biri yana cizo, yana ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, kuma ɗan birin da ke hannun mutane galibi sai da aka kashe uwarsa. Masu dafin a hoto za ka nuna su, manya-manya, masu launi. Ka haɗa da saɓar maciji da ƙoƙon mataccen kunkuru da ƙayar beguwa, waɗanda za su zagaya hannu-hannu.

Tafiya da dabba

Jikin mesa da kunkuru da hawainiya da damo ba ya samar da ɗumi da kansa, kuma ba sa gumi. Mesa tana son digiri 26 zuwa 32. A Maris da Afrilu zafin Bawku yakan haura 40, kuma minti kaɗan cikin but ɗin mota ko a rana ya isa ya kashe ta. A sa ta a jakar yadi mai ƙarfi, irin rigar filo, a juya ɗinkin waje don kada zare ya sarƙe ta, a ƙulle bakin, a sa jakar cikin kula mai 'yan hudoji. Kowace dabba da nata mazubi. A yi sammako. Da hunturu kuwa akasin haka ne, sanyin asuba ke kama mata ƙirji, sai a naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul a ajiye a gefe.

Ba a fita da mesa sai ta yi aƙalla kwana biyu da cin abinci, in ba haka ba za ta amayar da ɓeran a gaban yara. In idanunta sun yi hazo-hazo, saɓa za ta yi, ba ta gani sosai, a lokacin ne mai sanyin hali ke kai cizo. A bar ta a gida. Kada ta wuce minti 15 a hannu a zama ɗaya, kada a fita da ita kwana biyu a jere. Malamanmu sukan tunatar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya tsare dabba don neman abinci, maganar ta hau kansa kai tsaye.

A cikin aji

Kada ka yarda da taron makaranta gaba ɗaya a filin fareti, ko da hedimasta ya nace. Aji-aji za ka bi, yara 30 zuwa 40, minti 40. In ajin ya fi haka a raba shi biyu. A ture bencina, yara su zauna a ƙasa su yi rabin da'ira, a ja layi da alli ko toka taku uku daga inda kake. A rufe ƙofa, malami ɗaya ya tsaya a bakinta. Kana buƙatar mataimaki wanda aikinsa kawai gadin akwatuna, domin kullum akwai yaron da zai zagaya ta baya. Dabba ɗaya ke fita a lokaci ɗaya, sai ta koma an ƙulle kafin a buɗe ta gaba. In ajin ba kowa ke jin Hausa ko Turanci ba, a samu malamin da zai mayar da magana cikin Dagbanci ko Kusasanci ko Gonjanci.

Ka fara da tambaya: wa ya taɓa ganin maciji a gona, wa aka taɓa sara a gidansu? Hannuwan da za su tashi su za su gaya maka irin ajin da kake ciki. Wanda ya rasa wani nasa, ka lura da shi, kada ka matsa masa. Sai kunkuru, sai hawainiya, sai saɓa ta zagaya. Mesa ce ta ƙarshe, kuma kafin ka kwance jakar ka faɗa musu abin da ke ciki. Ba a yi wa yara ba-zata da maciji. Ihu ɗaya ya isa a tattake ƙanana a bakin ƙofa.

Wajen taɓawa, kai ke riƙe da ita, kanta yana fuskantar jikinka. Malamin aji ya fara. Yara su zo ɗaya bayan ɗaya, yatsu biyu, daga tsakiyar jiki zuwa wajen wutsiya, sau ɗaya, a wuce. Ba a miƙa wa yaro ita, ba a rataya ta a wuyan kowa, har kai kanka. Hoton yaro da mesa a wuya yana da farin jini a WhatsApp, na sani, kuma shi zai kawo maka gayyata. Amma ƙanensa da zai ga hoton bai ji bayaninka ba. Wanda ya ce ba zai taɓa ba, ka yaba masa a gaban kowa, ka hana a yi masa dariya. Tsoronsa yana da amfani, gyara shi ka zo yi, ba kawar da shi ba.

Daga taɓawa sai wankin hannu, kai tsaye. Macizai da kunkuru da ƙadangaru, har da bushiya, suna ɗauke da ƙwayar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, tana kawo gudawa da zazzaɓi. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975. A ajiye bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo, da sabulu a bakin ƙofa, mataimaki ya tabbatar kowa ya cuɗa hannu sosai. 'Yan ƙasa da shekara biyar, da mai ciwo a hannu, da marar lafiya, kallo kawai za su yi.

Tambayoyi za su zo. Da harshe yake sara? A'a, da harshe yake sansano hanya. Yana harbi da wutsiya? A'a. Yana jin magana? Ba shi da kunnen waje, motsin ƙasa ya fi ji. Amma tambayar da ka fi buƙata ita ce wadda wani zai jefo daga baya: "Malam, kana da laya ne?" In ba wanda ya yi ta, ka yi wa kanka. Ka naɗe hannun riga su gani, ka ce: "Ba ni da laya, ban sha komai ba. Wannan ba ta da dafi, kuma a hannun mutane aka haife ta. Ni ɗin nan in kububuwa ta sare ni, asibiti za a kai ni kamar kowa."

Uwar darasin

Kashi ɗaya cikin uku na lokacinka a nan zai tafi, bayan mesa ta koma jaka.

Kada ka koya wa yara rarrabe mai dafi da marar dafi don su san wanda za su kama. Manya ma suna ruɗewa. Akwai maciji mai cin ƙwai, marar cutarwa, da ya yi kama da kububuwa har da irin ƙarar da take yi in ta goga ɓawon jikinta. Akwai ɗan baƙin maciji mai zama cikin ƙasa, kamar ba komai ba, wanda ko ka riƙe shi ta ƙeya yana iya fito da haƙori ta gefen baki ya soke ka. Ɗan kasa gajere ne mai kauri da zane, yaro zai iya ɗaukar sa ƙaramar mesa. Ko kan macijin da aka sare yana iya cizo. Doka ɗaya ce: duk macijin da ba a hannun Malam yake ba, ba a taɓa shi, rayayye ko matacce. A tsaya, a ja da baya, a kira babba. Ka jefa igiya a ƙasa, yara su fito uku-uku su gwada, har sai abin ya zauna musu a ƙafa.

Ka nuna hoton kububuwa ka daɗe a kansa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce rabin mita, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, kuma ita ta fi kowane maciji kisa a wannan yanki. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Tsaga wurin da reza ƙara masa hanyar zubar jini ne. Ɗaure ƙafa tamau da igiya yana iya jawo a yanke ta. Tsotsa da ƙaho da baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jiki, lokaci kawai suke ci. Abin yi: a matsa daga wurin, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a sa karan ɗori don kada gaɓar ta motsa, a ɗauki mutum kada ya taka, a nufi asibiti. Addu'a a yi ta a kan hanya. In kumurci ya tofa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan asibiti. Ka fitar da yaro ɗaya ya kwanta, sauran su gwada ɗaukarsa.

Ka faɗi sunan asibitin da bakinka: na gwamnati a Salaga, na gwamnati a Yendi, na Presbyterian a Bawku, da asibitin koyarwa na Tamale in abin ya yi tsanani. Lambar gaggawa 112. Kafin ranar nuni ka leƙa ka tambaya ko akwai allurar kashe dafi, don ka san abin da za ka gaya wa malamai. Ba kowace allura ke aiki ba. A asibitin Mathias da ke Yeji, wanda mutumin Salaga ke kaiwa in ya tsallaka tafkin Volta daga Makango, an taɓa sauya allurar da ta dace da macizan Afirka da wata da aka yi da dafin macizan Indiya, sai mace-macen waɗanda kububuwa ta sara ya tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari. An wallafa binciken a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara da saran maciji, ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, tana kuma neman rage yawan da rabi kafin 2030. Waɗannan alƙaluman na malamai ne da iyaye. Yara abin da za su riƙe: tocila da dare, takalmi mai rufe ƙafa a gona, sanda kafin hannu in za a ɗebi kara ko itace, gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin tabarma, kuma ba a zura hannu a rami.

Lokacin da darasin ya fi amfani shi ne gab da faɗuwar damina da kuma gab da kaka, don a lokutan ne sara ke yawa. Ranar 19 ga Satumba, ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, ta faɗo daidai, kuma hujja ce mai kyau a gaban ofishin ilimi. In makarantar tana da ƙungiyar yara masu kula da namun daji, irin waɗanda aka fara kafawa a Ghana a 1987, ta hannunta za ka shiga.

Biki da walima

A nan kuɗin yake, a nan kuma matsala take. Gidan suna ko biki da lasifika da kiɗa da cincirindo ba wurin dabba ba ne, ka ba da haƙuri. Walimar sauka, ko bikin ranar haihuwa, ko shagalin rufe makaranta, za a iya, bisa sharaɗi: ɗaki ko rumfa daban, yara ba su wuce 20 ba, a kashe kiɗa, a yi nuni kafin a raba abinci, a wanke hannu, sannan a ci. Ka faɗa wa mai gida sharuɗɗan tun wajen ciniki, ka karɓi rabin kuɗi, kuma ya san za ka rufe akwati ka tafi in wani babba ya fara fizgar mesa yana tsorata mata da ita. Za a samu irinsa a kusan kowane taro. Darasin sara ba a cire shi don biki ne, a taƙaita shi zuwa minti biyar. A Bawku kuwa, in akwai dokar hana fita, ka bi sanarwarta, ka tsara komawa gida da sauran rana.

Bayan an tashi

A ƙirga dabbobi kafin a buɗe ƙofa. A gida a ba su ruwa, a wanke jakunkuna da daro nesa da wurin girki, a rubuta a littafi wacce ta fita, minti nawa ta yi, yaushe ta ci. Ka bar wa ajin hoton kububuwa da matakan taimakon farko a manne a bango, ka roƙi malamin ya sake gwajin igiya bayan mako biyu.

Cikin 'yan kwanaki yara za su fara sallama a ƙofar gidanka, wannan da hawainiya a leda, wancan da kunkuru, wani ma da maciji a galan, suna neman sidi biyar. Kada ka saya, kada ka karɓa kyauta, ko sau ɗaya. Ka sa a mayar da kunkuru da hawainiya inda aka ɗauko su, macijin kuma kada a buɗe galan ɗin, a kira ma'aikatan namun daji. Sannan ka koma makarantar ka sanar a gaban aji cewa Malam ba ya karɓar dabba daga hannun kowa.